Kura Ta Rataya Zabira

Kakata ta wajen uba, wadda duk unguwarmu ta Hashimi ke kira Iya, ƙosai take soyawa a ƙofar gida. Da an idar da sallar magariba za ta fito da kujerarta 'yar tsugunno, ta hura wuta, ta ɗora kasko. Mu jikoki sai mu kewaye ta, a bakinmu wai tatsuniya muka zo ji, alhali idon kowa na kan ɓurɓushin da take kwasowa da matsami. Ta san da haka sarai, shi ya sa ba ta raba mana sai labari ya yi nisa, don kada mu watse mu bar ta da hayaƙi.

Labarin Iya ba ya tafiya a jere. Ana tsakiyar daɗi mai saye zai zo, ta tsaya su gaisa, ta tambayi lafiyar matarsa da ta akuyarsa, sannan ta juyo ta ce, "Ina muka tsaya?" Ni ce ba na iya haƙuri. Kullum bakina, "Iya, to a ƙarshe me ya faru?" Sai ta nuna ni da matsami ta ce, "Ke dai Sadiya, da ana tallar ƙarshen labari a faranti, da ba ki taɓa zama jin farkonsa ba."

Wadda na fi tunawa ita ce tatsuniyar kura da bushiya. Iya takan gyara zama ta ce, "To ku matso, ga ta ta iso," mu ce ta shigo mu ji.

Wai a can dawa bushiya ce mai magani. Da tsufa ya kama ta sai ta yi shela cewa duk mai son koyo ya zo ya zauna damina bakwai, wanda ya gama a rataya masa jar zabira, irin jakar fatar nan ta wanzamai. Kura ta zo. Ranar farko aka ba ta dakan sassaƙe, rana ta biyu aka ajiye mata ganye biyu masu kama da juna aka ce ta koyi bambanta su. A rana ta uku kura ta lura da wani abu: duk inda mai jar zabira ya bi, dabbobi durƙusa wa zabirar suke yi, ba wanda ke tambayarsa damina nawa ya zauna. Sai ta lallaɓi biri ya hau bishiyar da ake rataye zabirori ya sauko mata da ɗaya.

Kura ta rataya zabira ta buɗe wurin magani, kuma sunanta ya tashi. A nan Iya takan rage murya ta ce, "Ai yawancin ciwo, ko ka ba shi magani ko ka ƙyale shi, in ya gaji tafiyarsa yake yi. Sai a ce mai magani ne." Haka kura ta yi ta cin cinyar awaki, har ranar da ƙashi ya maƙale wa ɗanta a maƙogwaro. Ta zazzage zabirar a ƙasa, ga layu, ga garin magani, ga ƙananan ƙarafa, ta ɗauki wannan ta yar, ta ɗauki wancan ta yar, har ɗan ya daina motsi. Da bushiya ta iso, sai ta sa hannu a ƙarƙashin ƙafar kura ta zaro ɗan hantsaki ta ce, "Ga shi nan fa, kina takawa."

Iya ta iya kwaikwayon kukan kura, har da ɗaga kai sama, mu kuwa mu yi ta dariya muna birgima a tabarma. Ta ce, "Nan ta tsaya, wanda bai ƙoshi ba ya je ya tambayi kura." Ba ta taɓa cewa ga darasin ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Iya ta rasu ina aji uku a sakandare. Ni kuma na karanci aikin ungozoma, aka tura ni wani ƙaramin asibiti a Kwamba, nan cikin Suleja, na shekara goma sha biyu ina karɓar haihuwa. Hannuna yana da sa'a, haka mata ke faɗa, ni ma har na yarda. A aikinmu ba a sabunta wa mutum lasisi sai ya nuna shaidar cewa ya halarci bita, ya ƙaro ilimi. Nufin abin mai kyau ne. Mu ne muka mayar da shi taron sa hannu da cin shinkafa.

Wata shekara aka tura mu bita ta kwana uku a wani otal a Abuja, ni da abokiyar aikina Sista Talatu, a kan yadda ake taimakon jaririn da ya fito bai yi numfashi ba. Sai abin ya haɗu da bikin 'yar ƙanwar mahaifiyata. Na je ranar farko da safe, na sa hannu, na zauna ina kallon wani matashin likita yana nuna hotuna a bango. A raina na ce, yaron nan yana firamare na fara yanke cibi, me zai koya mini? Da aka fita shan shayi Talatu ta ja ni gefe.

"Abeg, Sista, ki tafi bikinki. Gobe da jibi zan sa miki hannu. Duk wannan ba mun yi shi a makaranta ba?"

Na tafi. Na sha rawa, na ci waina, har ni ce mai raba wa baƙi abinci. Ranar Litinin Talatu ta kawo mini satifiket da sunana a rubuce da ruwan zinare, ta kuma kawo wata jakar roba mai abin rufe hanci da baki, wadda ake matsawa a hura wa jariri iska, wai an ba kowane asibiti ɗaya. Jakar na jefa ta a kabad da ledarta. Satifiket ɗin kuwa har gilashi na sa aka yi masa, na rataye a bangon ɗakin awo.

A watannin nan Hauwa ta fara zuwa awo. Bakatsiniya ce, mijinta direba ne a Abuja, sun kama ɗaki ɗaya a bayan asibitinmu. Ba ta da kowa a Suleja. Shekara shida da aure sai a lokacin ta samu ciki, tana tafiya tana riƙe shi da hannu biyu. Anti take kirana, takan kawo mini zogale kwaɗaɗɗe a 'yar samira. Wata rana ina gwada ta, ta ɗaga kai tana bin takardun bango da kallo.

"Anti, duk naki ne waɗannan?"

Na ce nawa ne.

"Kai, alhamdulillahi. Mamata tana ta cewa in koma gida in haihu. Na ce mata ni ina da Anti, ta fi likitoci ma karatu."

Na yi dariya, na ji daɗi har cikin raina. Wannan dariyar tana cikin abubuwan da ban yafe wa kaina ba.

Naƙuda ta kama ta wata Talata da hantsi, mijin ya riga ya tafi aiki, ni kaɗai ce a bakin aiki don an yi wa Talatu canjin wuri. Haihuwar ta ɗan ja, amma kafin azahar jaririn ya fito, namiji, ƙato. Ya fito laƙwas, jikinsa ya yi shuɗi-shuɗi, ba kuka. Na goge shi, na murza bayansa, na ɗalli tafin ƙafarsa, shiru. Na kama cibiyar da yatsu biyu, na ji tana bugawa. Yana da rai. Iska kawai yake buƙata.

Na ruga kabad, na yaga leda da haƙori, na kifa masa abin a fuska na matsa. Iskar ta fita ta gefen kumatunsa, ƙirjin bai ɗaga ba. Na ƙara ƙarfi. Na juya abin sama ya koma ƙasa, na sake matsawa. Na san akwai abin da ake gyarawa in ƙirji ya ƙi tashi, na san an faɗa a wani wuri, amma hannuna bai taɓa yi ba, kaina kuma ya ɗauke. Hauwa tana kan gado tana ƙoƙarin ɗagowa.

"Anti, me ya sa bai yi kuka ba? Anti?"

Ina matsawa ina taɓa cibiya, ina matsawa ina taɓawa. Bugun ya yi ta raguwa a tsakanin yatsuna har ya tsaya.

Mijin bai iso ba sai bayan la'asar, cunkoson hanya ya riƙe shi. Ya ɗauki ɗansa a zani, ya dube ni ya ce, "Sista, mun gode. Hauwa ta ce kin yi iya yinki, har kuka kika yi. Allah da ya ba mu shi ya karɓi abinsa." Ba wanda ya tuhume ni, ba wanda ya kira ni ofis. Na rubuta a fayil cewa an yi ƙoƙarin farfaɗo da jariri bai yiwu ba, kuma ba ƙarya na rubuta ba.

Na yi mako biyu abinci ba ya shiga. Ranar hutuna na ɗauki jakar robar na hau mota zuwa Izom, wajen Mama Asabe, tsohuwar shugabarmu da ta yi ritaya, wadda na san tana ajiye da 'yar tsanar koyarwa. Na durƙusa na ce, "Mama, ki koya mini wannan kamar ban taɓa shiga aji ba."

Ta kwantar da 'yar tsanar a tebur, ta ninke ƙyalle ta sa a ƙarƙashin kafaɗa, ta ɗan ɗaga haɓar sama kaɗan, ta nuna mini yadda ake zagaye abin da yatsu don kada iska ta tsere. Ta ce in matsa. Na matsa sau ɗaya, ƙirjin 'yar tsanar ya tashi. Shi ke nan abin. Ɗaga haɓa ne da riƙon yatsu. Na zame ƙasa na yi kukan da ban yi ba ko ranar da Iya ta rasu.

Mama Asabe ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Wannan a rana ta biyu ake koyar da shi, kowa da hannunsa. Ba ki zauna ba ke nan." Na ce ban zauna ba. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta ce, "Tashi ki sake."

Tun daga nan ban ƙara jiran a turo ni bita ba. Na sayi littafi na rubuta duk abin da nake yi a ɗakin haihuwa da ka, ba da sani ba, kuma jerin ya ba ni kunya. Duk Asabar ina Izom har na ƙare shi, sannan na roƙi a bar ni ina zuwa babban asibiti ranakun hutuna ina tsayawa bayan waɗanda na girme su ina kallon hannunsu. In an je bita ni ce a gaba, ni ce mai tambayar da ke hana mutane fita cin abinci. Na daina sa wa kowa hannu. Talatu ta ce na zama mai wa'azi, yanzu gaisuwa kawai ke tsakaninmu.

Akwai lokacin da nake jin haushin Iya, ita da ke kabari ba ta san me ake ciki ba. Ta yi wa labarinta adalcin da duniya ba ta yi. A bakinta ɗan kura ne ya mutu, shi ya sa muka iya yin dariya, mai laifi ce ta ɗanɗana. Ni 'ya'yana biyu suna nan lafiya, babbar har ta shiga jami'a. An ƙara mini girma, kuma takardar nan tana cikin waɗanda aka duba. Ba zan ce na san da yaron zai rayu ba, rai na Allah ne. Abin da na sani shi ne zuciyarsa tana bugawa lokacin da ya zo hannuna, kuma abin da zai taimake shi yana ɗaya hannun.

Shekara huɗu ke nan Hauwa ba ta sake samun ciki ba. Har yanzu tana kawo mini abincin salla, kuma duk baƙuwar da ta tare a gidansu da ciki, ita ke jawo ta wurina. Sau da yawa na shirya maganar da zan faɗa mata, in na ga fuskarta sai in tambaye ta ya maigida.

A watan jiya ta rako wata maƙwabciyarta haihuwa. Jaririyar ta fito ba numfashi. Na kwantar da ita, na gyara mata kai, na hura, a matsawa ta biyar ta tsanyara kuka. Sai da na juyo na ga Hauwa a bakin ƙofa, ashe duk tana kallo. Bayan an gyara mai jego ta same ni ina wanke hannu, ta tsaya tana duban jakar robar a kan tire.

"Anti, wannan ne kika sa wa nawa, ko?"

Na ce shi ne.

"Ikon Allah. Ita ta tashi, shi bai tashi ba. Kwanansa ne ya ƙare." Ta goge ido da bakin hijabi. "Haka dai kika yi masa, ko Anti? Kamar yadda kika yi wa wannan?"

Ruwa yana zuba a hannuna, tana jirana.

Na ce mata eh.