Tukunyar Iskar Baba Mai Faci

Wanda ya daɗe yana bin wannan titi ya san Baba mai faci. Shekara talatin da ɗoriya yana gyaran taya a rumfa ɗaya, shi da injin iskarsa mai jar tukunya. Kullum da safe, kafin ya amsa gaisuwar kowa, sai ya durƙusa ya kwance ɗan famfon da ke ƙasan tukunyar, ruwan da iska ta tara ya tsiyaye. Sannan ya ƙwanƙwasa ta da sifana, ya kasa kunne.

"Iska ba ta kashe tukunya," yake cewa. "Ruwan ciki ke cin ta."

To, sai ciwon ƙafa ya kwantar da shi wata goma sha ɗaya. Babban ɗansa, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ya riƙe rumfar. Ba rago ba ne, Allah ya sani, sai dai durƙuson nan bai taɓa shiga kansa ba.

Ranar da Baba ya dawo yana dogara sanda, abin da ya fara gani waya ce da aka naɗe a bawul ɗin da ke rage iska idan ta yi yawa. Ya leƙa ƙasa, ga facin walda kamar tafin hannu.

"Wa ya ɗaure wannan?"

"Ni ne, Baba. Huci yake yi duk yini, ga asarar iska."

"Wannan fa?"

Mai walda na rumfar gefe, abokin tsokanarsa tun suna samari, ya leƙo. "Aikina ne, tsoho. Kai ma da za ka tsaya in yi wa gwiwar nan faci, da ka jefar da sanda."

Baba bai yi dariya ba. Ya ƙwanƙwasa tukunyar. Da, ƙara take yi kamar ƙararrawa. Yau sai ta amsa, duf, kamar an bugi ruɓaɓɓen itace.

"Tsatsa ta cinye ta daga ciki. Tukunyar iska ba a yi mata faci, fashewa take yi ta hallaka na kusa. A yanka ta, a sayar wa masu gwangwan."

"Haba Baba, mu ci me? Wata biyar ke nan tana aiki lafiya lau," in ji ɗan.

Baba ya kwance wayar. Washegari ya tarar an mayar. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya kai ƙara wurin ƙaninsa, sai aka fara cewa ciwo ya taɓa masa kai. Mai rumfar a yanzu shi ne mai lafiyar ƙafa.

Daga nan Baba ya daina magana. Ya samo doguwar tiyo, ya ja ta har bakin titi, ya ce can inuwa ta fi, can ɗansa zai riƙa aiki. Kunnawa da kashewa kuwa ya ce nasa ne. Ya jawo bencinsa ya zauna tsakanin tukunyar da ɗan, yana jin ɗuminta a gadon bayansa, idonsa a kan allurar agogon da ke nuna ƙarfin iskar.

Matarsa ta saba kawo masa abincin rana da kanta, ta ɗan zauna gefensa. Ya hana.

"Malam, bayan tsufa ka fara jin kunyata?"

"Rana ta yi miki yawa. Zuba mini tun da safe."

Tun daga ranar, sanyi ƙalau yake cin abincinsa, shi kaɗai a kan bencin.