Gurbin da Ya Bari a Waƙa

Tun muna firamare a ƙauyenmu da ke bayan Kurya Madaro, ɗan makaɗin garinmu ba ya iya zama shiru. Benci ganga ne a wurinsa, kwanon sha ganga ne, har ƙeyata ta sha kiɗa. Ubansa shi ne mai gangar noma, wanda ke bin 'yan gayya kunya-kunya yana zuga su. Kowane gwarzon manomi yana da takensa a hannun tsohon nan, wato kiɗan da aka yi dominsa shi kaɗai. Da ganga ta kira shi sai ta dakata, shi kuma ya ɗaga galma sama ya amsa da kirari. Yaron ya haddace take-taken nan kaf tun bai iya ɗaura wando da kyau ba.

Da muka girma, ni na zama malamin makaranta, shi kuma ya zo Kaura karatu ya zauna nan, ya kama gambarar zamani, wadda samari ke kira hip-hop. Sai dai tasa daban ce. Ba ya waƙar soyayya, ba ya wasa ɗan siyasa, ba ya son kiɗan fiyano. A wani ɗan ɗaki bayan shagon cajin waya kusa da tasha yake aiki, da tsohuwar kwamfuta da katifu biyu da ya jingina a bango don su tare hayaniya. Zai ɗauko ƙarar injin niƙa, da luguden mata, da kukan guga a bakin rijiya, ya jera su bisa gangar ubansa, sannan ya hau kai da magana kamar ruwan sama a kan kwano. Masu kiɗan biki suka ce waƙarsa ba ta rawuwa. Ni ma na sha ce masa wannan ai ba waƙa ba ce, faɗa ne da kiɗa. Ya kan yi dariya ya ce in bari kunnena ya girma.

Direbobi ne suka fara ɗaukarsa. Masu tura waƙa a waya suka zuba shi cikin memori, ya bi motocin Shinkafi da na Zurmi, har aka ce ana jin sa a rugagen wajen Jangeru. Ranar da na ji wani mai lodin albasa yana maimaita baitinsa baki ɗaya ba tuntuɓe, sai na daina kushe shi, don na ga abin ya wuce wasa.

A shekarar da uban ɗan makaɗi ya rasu ne zama ya gagare mu a ƙauye. 'Yan bindiga suka hana noma, muka kwaso abin da ya kwasu muka dawo Kaura, gidan haya mai ɗaki biyu da zaure. Babana, wanda ake cika rumbu uku da geronsa, wanda ba a fara gayya sai ya iso, ya shimfiɗa buzu a zauren nan ya juya wa ƙofa baya. Tuwo sai ya yi loma biyu ya ture. Magana sai ta kama dole. Na kai shi asibiti aka auna ko'ina aka ce ba a ga komai ba. Ina kallon wuyan rigarsa yana ƙara faɗi, kuma na tsorata ƙwarai, domin na san mutumin nan tafiya yake yi a zaune.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko, ɗan makaɗi ya zo gaishe shi. Ya tuɓe takalmi, ya cire hular nan tasa mai baki, ya durƙusa.

"Baba, izini nika biɗa. Ina son in sa takenka cikin waƙa. Tsohona ya hwaɗa man ba a kiɗa taken mutum sai da yardatai."

Baba bai ko juyo ba. "Take na mai gona na. Ni ina gonata? Mai taken ga ya mutu, ɗana. Tahi ka yi abin da kaka so."

Na raka shi waje ina ba shi haƙuri. Sai na ga yatsunsa suna kiɗa a kan cinyarsa.

Da waƙar ta fito, sai ta zo da abin da ba wanda ya taɓa ji. Ya yi baitoci masu zafi a kan gonakin da suka koma daji da rumbunan da gara ta gada. Can tsakiya sai komai ya ɗauke, gangar noma kaɗai ta rage, ta buga taken Baba tiryan-tiryan, ta dakata. Daga nan shiru. Shiru mai tsawo, wanda har sai ka duba wayarka ko caji ne ya ƙare. Sannan waƙa ta ci gaba.

Masu tura waƙa suka yi ca a kansa, wai ta lalace wajen turawa, mutane na dawo musu da ita. Wani mai shiri a gidan rediyo ya ce zai sa ta in an yanke wurin. Wannan ce damar da ya daɗe yana jira, amma ya ƙi. Na same shi a ɗakinsa na ce, "Kai wane irin taurin kai ne da kai? Ana ba ka kana ƙi?"

Ya ce, "Malam, wurin ga ba nau ne ba. Ganga ta yi kira, mai amsawa bai amsa ba tukuna. In na yanke, na binne shi da rai."

Ban gane nisan abin da ya hango ba sai daga baya. Samari sun ɗauka gwaninta ce kawai, amma tsofaffin da suka yi noman gayya sun san taken wane ne, kuma sun san abin da ake nufi idan aka kira gwarzo bai amsa ba. Waƙar kuwa tana bin Baba har zaure. Ɗan acaɓa zai wuce da ita, yaran maƙwabta su kunna ta. Na lura duk sanda gangar ta dakata, kafaɗarsa takan ɗan motsa, sai kuma ya ƙara sunkuyar da kai.

Rannan da hantsi, ranar ba makaranta, sai ga sallama. Wani dattijo ne daga Gurbin Bore, abokin karawar Baba a gayya tun suna samari, ya ci kwalliyar farin yadi, ya sha hanya. Na fito na tare shi a ƙofar gida. Ya kama hannuna da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa.

"Ashe haka Allah ya yi? Mun ji ganga ta kira shi cikin waƙa a waya bai amsa ba, munka ce lalle ta faru. Allah shi jiƙanai, Allah shi gafarta mai. Manomi ɗai ya tahi."

Na buɗe baki in gyara masa zance, sai na ji motsi a bayana. Baba ne tsaye, dafe da bango, buzu ya naɗe masa a ƙafa. Rabon da in ga tsawonsa har na manta.

"Wa am mace?" in ji shi. "Kai, ni kaka yi ma gaisuwa? Kai da ban taɓa bari ka riga ni kai ƙarshen kunya ba?"

Dattijon ya ja da baya yana salati, sannan ya fashe da dariya da kuka a haɗe. Baba ya dube ni ya ce, "Kai ni wurin yaron ga."

Muka tafi a ƙafa, don ya ƙi hawa babur. Ɗan makaɗi na ganinmu bai tambayi komai ba, kamar dama ya san da zuwanmu. Bai kunna kwamfuta don kiɗa ba. Ya ɗauko gangar ubansa daga kan ƙusa, ya rataya, ya tura wa Baba makirfo gaban baki, ya buga taken. Ganga ta dakata.

Baba ya ɗaga hannun dama sama, babu galma a ciki, amma wallahi sai da na ga kamar akwai. Muryar da na ɗauka ta tafi har abada ta cika ɗan ɗakin nan:

"Sai ni na gaban gayya, mai karya kumallo da huɗa! Gero ya san ni, dawa ta san ni! Rana ta buge ni ta gaji, ruwa ya buge ni ya ɗauke! Wanda yac ce na mutu, shi zo shi ga rumbu!"

Masu cajin waya suka cika ƙofa. Ni dai kuka nake yi, ba kunya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, da ɗan makaɗi ya ɗora kirarin a kan waƙar, sai ya zauna cikin gurbin nan daidai, bai yi saura ba, bai yi kaɗan ba. Tun yana yaro a bakin gona ya auna tsawon numfashin Baba, ya riƙe shi a kansa duk shekarun nan. Ni da nake ɗansa ban san shi haka ba.

Yanzu abokina ya yi nisa. Ana gayyatarsa Gusau da Sakkwato da Kano, matasa na cika fili suna amsa kirarin wani tsoho da ba su taɓa gani ba. Har yau masu biki ba sa sa waƙarsa, kuma har yau bai damu ba.

Mu kuwa a ranar, da muka fito daga ɗakin, Baba ya tsaya a bakin layin dogo yana duban wani fili da ciyawa ta cinye. Ya tura yatsan ƙafarsa cikin ƙasar, ya duƙa ya damƙo ta ya shinshina. Ya ce in binciko masa mai wurin ko zai ba da aro. Da muka isa gida, tun daga zaure ya ɗaga murya ya kira innarmu.

"Ke, akwai sauran tuwon ga? Ki ɗumamo shi duka. Kuma a hiddo man galmata in ga ko ta yi tsatsa."