Na'urar da Aka Are Gaɓa-Gaɓa

Shekarar da gwiwoyina suka yi murabus ba tare da sun shawarce ni ba, albasata tana can bakin rafi wajen Falgore, ni kuwa ina gida a kan tabarma. Albasa ba ta da haƙuri. In ƙasa ta bushe ba a tayar da injin ban ruwa ba, shi ke nan, noman rani ya tashi a banza.

Jikata, wadda ta karanta injiniyanci a Kano, ta ce akwai na'urar da ake kafawa a gona, ta ji danshin ƙasa, ta aiko labari cikin wayata daga nesa. Ta kawo iri biyu ta ce in zaɓa, tunda na yi aji huɗu a elementare kuma har yau ban bar gari ya manta ba. Ɗaya a rufe take ruf kamar gwangwanin madara, in ta lalace sai jifa. Ɗayar gaɓa-gaɓa ce: batir daban, farantin sola daban, eriya daban, ga tsinken da ake sokawa a ƙasa, kowanne a zare a mayar.

Na jinjina su a hannu kamar mai sayen zakara, sannan na yi mata lacca. Na ce ta je Kafin Maiyaƙi ranar kasuwa ta ga yadda ake turo babur matacce ya fita yana haniniya, duk albarkar kayan gyara. Na zaɓi mai gaɓoɓi.

"Angona, ka dai tuna maƙwabtanka," in ji ta. "Duk abin da ake iya zarewa, za a zo aronsa."

Na ce amarya ta riƙe bokonta.

Da farko na'ura ta yi aiki, har ina nuna saƙonta a majalisa. Sai maƙwabcin gonata ya aiko da gaisuwa, wai fitilarsa ta mutu, ya ɗan zare batir. Na'ura ta koma magana da rana kawai, kamar ma'aikacin gwamnati. Sai malamin unguwarmu ya ji labarin eriya mai jawo magana daga nesa, ga rediyonsa ba ya kama tafsiri sosai. Ku gaya mini bakin da zan hana shi da shi.

Da shiru ya yi yawa, na sa aka ɗora ni a babur. Na tarar da albasa ta sunkuyar da kai, tsinken nan shi kaɗai a tsaye yana gadi. Ina cikin salati sai ga wani makiyayi da rugarsu ke kusa, farantin sola a rataye a kafaɗa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce caji kawai yake yi, yanzu zai mayar.

Na yi tunani irin na 'yan aji huɗu. In ya mayar, sai na je na karɓo eriya a hannun malam. Gara albasa ta mutu.

"Riƙe abinka," na ce. "Amma kullum da safe ka soka yatsa a ƙasar nan, ka kira ni."

Albasa ta farfaɗo, har ta yi ƙwai. Da jikata ta tambayi lafiyar na'ura, na ce gaɓa ɗaya kawai na sauya, kuma sabuwar ta fi, don har gwiwoyina take tambaya. Ban gaya mata ita ma aro ce ba. Ciyawa na ƙarewa sabuwar gaɓar za ta kaɗa shanunta ta yi kudu, da farantina a kafaɗa.