Mai Shara Ba Makulli

A shekarun da gubar dalma ta kama yara a ƙauyukanmu, ni ke shigar da sakamakon gwajin jini a kwamfutar wani ƙaramin asibiti a Anka: sunan yaro, ƙauyensu, yawan dalmar da ke jininsa, da ranar da zai dawo karɓar magani. Katin takarda ba abin dogaro ba ne da damina, kafin uwa ta iso daga Yargalma a kan babur ruwa ya cinye shi. Abin da ke kwamfutar nan shi ne madogara.

Wata injiniya 'yar Gummi ce ta haɗa mana ita, mace marar yawan magana. Ta saka wata 'yar manhaja da ke aiki ita kaɗai a ɓoye, tana share tsofaffin fayilolin da ba a buƙata. Ta buɗe wa manhajar asusunta daban, wanda mutum ba ya iya shiga da shi, kuma hannunsa bai kai ko'ina ba sai jakar tarkace.

Ni kuwa gajen haƙuri gare ni. Duk sanda na so manhajar ta share wani wuri, sai ta ce ba izini. Na ce wa injiniyar ta ba ta cikakken iko kowa ya huta.

"Malam, mi mai shara za ta yi da makullin ɗakin magani?" in ji ta. "Tsintsiya ta ishe ta."

Na ji haushi, don na ɗauka da ni take.

Wata Laraba da hantsi, layi har waje, kwamfuta na ta jan ƙafa. Na buɗe saitin manhajar da niyyar rage kaya, cikin gaggawa na rubuta jakar sakamako maimakon ta tarkace, na danna. Sai da na ɗauke hannu na ga abin da na yi. Gumi ya karyo mini.

Allon ya cika da magana guda tana ta maimaituwa: ba izini. Ko fayil ɗaya bai tafi ba.

Har yau nakan yi tunanin wannan. Ba ɓarawo aka tare ba, ni aka tare, ni da nake ganin na fi kowa sanin aikin. Kunya ta hana ni gaya wa injiniyar.

Na gyara, na kira wadda ke gaba a layi. Ƙanwata ce, goye da ɗiyarta, katin a hannunta ya jiƙe ya dagargaje.

"Yaya, katin ya lalace. Ko sunanta na nan?"

Na duba. Na ce, "Shina nan."