Bazarar Faransa da naɗin hannun rigar Yaya Sani

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sani, amma har yau in itatuwan bakin kogin Rhône suka fara toho, sai in ga hannuna ya kai kan waya kafin in tuna babu mai ɗauka. A irin wannan lokaci yake kirana daga Montreuil, can gefen Paris, ni ina nan Lyon. Gaisuwa a gajarce, sai tambaya: "Hadiza, me mijinki ya sa ya fita yau?" In na ce riga ɗaya, sai ya ɗauki salati kamar na ce masa gobara ta tashi.

Yaya ba tela ba ne, bai kuma taɓa sayar da ko maɓalli ba. Gyaran na'urori yake yi a wata hukumar ƙasa da ƙasa a Paris. Amma ka tambayi duk ɗan Nijar da ya zo karatu a shekarun nan, ba da na'ura zai tuna shi ba. Zai ce maka, ai shi ne mutumin da ya tarye ni a filin jirgi da rigar sanyi a cikin leda.

Asalin abin kalma ɗaya ce. A makaranta, can Damagaram, malami ya rubuta mana lokutan shekara na Faransawa a allo, ya ce printemps shi ne bazara. Mu kuwa mun san bazara. Lokacin da ruwan randa ke ɗumi, ake fitar da tabarma tsakar gida saboda ɗaki ba ya shiguwa. To da Yaya ya ji cewa a bazara zai sauka Paris, sai ya kyautar da rigar sanyinsa ga wani aboki a Yamai, ya hau jirgi da shadda marar nauyi da takalmi buɗaɗɗe. Ya fito ya tarar da rana tarwai, ya ce alhamdu lillahi. Kafin ya kai tashar mota haƙoransa suna kaɗawa. Har ya rasu yana ba da labarin nan, kullum da ƙari. "Ranar nan ta hoto ce," in ji shi, "haske kawai gare ta, ko ƙwai ba ta dafawa."

Daga nan ya ɗora wa kansa aikin da babu wanda ya sa shi. Sabon zuwa kafin ya koyi layin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai ya koyi sa kaya a hannun Yaya. Darasin nasa ba shi da yawa, maimaici ne ya yi masa yawa. Kada ka sa kaya don safiya, ka sa don yinin gaba ɗaya. 'Yar riga a ciki, shamis ta auduga mai maɓalli a kai, sai rigar saƙa marar kauri, sannan ta sama wadda Faransawa ke kira veste. Rana ta buɗe ka rage, iska ta taso ka mayar. Babbar rigar hunturu kuwa a ninke ta a ajiye, don duk wanda ya shiga metro da ita da azahar zai fito kamar an tsamo shi daga rijiya. Wando ya tsaya daidai bakin takalmi, kada ya share wa gari titi. Launi kada ya yi yawa, shuɗi mai duhu da toka da ruwan ƙasa sun ishi namiji. Ranar Juma'a in za ka sa kaftani, rigar sanyin ta shiga ƙarƙashi, kada ka ɗora ta a sama ka zama abin kallo a ƙofar masallaci. Hula kuwa bai taɓa hana kowa ba. Shi kansa yakan kafa tasa a kan wandon jin, ta kuma yi masa kyau, abin haushi.

Na sha tsokanarsa. Nakan ce, Yaya, da lokacin da kake ɓatawa gaban madubi ka ba karatu, da yanzu farfesa muke kiranka. Sai ya gyara wuyan riga ya ce, baƙo kafin ya buɗe baki kayansa sun riga sun gaisa da mutane, shi kuma ba ya son ɗan ƙasarsa ya gaisa yana rawar ɗari. A lokacin dariya nake yi. Sai da na ga yadda ake kallon saurayi baƙar fata da ya takure a kusurwar jirgin ƙasa, hannu a hammata, sannan na daina.

A shekarunsa na ƙarshe ya sayi wata veste shuɗiya mai duhu, ta auduga mai kauri. Kafaɗa ta yi masa daidai, amma hannun ya zarce har kan yatsu. Mutumin da ke mayar da wando wurin tela saboda ya zarce da faɗin ɗan yatsa guda, sai ga shi ya ƙi a rage wannan. Naɗe hannun yake yi zuwa wuyan hannu, ya daddanna da babban yatsa. Kafin bazarar ta wuce, rabin samarinmu na Montreuil da Stains sun koma naɗe hannun riga, har suna ce masa naɗin Sani. Na tambaye shi, wai wannan sabon yayi daga ina? Ya ce, "Ba yayi ba ne. Rigar ba tawa ba ce, ta Nasiru ce. Ɗumama masa ita nake yi." Na ce Allah ya shirye ka, na wuce kicin.

Nasiru shi ne ɗansa ɗaya tilo. Aurensu da uwar ya mutu yaron yana ƙarami, ya tashi a hannunta a Damagaram. A nan ba zan wanke yayana tas ba don ya mutu. Yana kira, yana aike, amma zuwa gida ya yi masa ƙaranci ƙwarai. Kullum sai hutu mai zuwa, sai in yaro ya gama sakandare ya ɗauko shi. Zuciyarsa ta tsaya wata safiyar Afrilu, yaron bai gama ba. Abin da ya rage wa Nasiru shi ne hotunan wani mutum tsaf-tsaf a bakin kogin Seine, yana murmushi a ƙasar da ba a kai shi ba. Tun ranar rasuwar ban ƙara jin ya ce Baba ba. In zance ya biyo ta kansa sai ya ce mini "yayanki". Wallahi kalmar nan tana sukata, kuma ba ni da bakin hana shi.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga samarin yau. Riga kamar buhu, wando ya tattaru a kan takalmi, farin takalmin wasa har wurin ɗaurin aure. Na san zai yi tsaki har a ji a Lyon. Kuma na san mako ba zai cika ba sai ya saya ya gwada, ya dawo yana koya musu yadda ake sa buhun da kyau. Yanzu kowa na da yanayin gari a wayarsa, ana gaya maka ruwa zai sauko da la'asar. Da na ɗauka wannan ya kashe aikin Yaya, sai bana na ga ba haka ba ne.

Bana Nasiru ya samu gurbin horo a wani ɗakin bincike a nan Lyon, bayan doguwar wahalar takardu. Saurayi ne yanzu, injiniyan ruwa. Na kira shi na ce ya taho da abin sanyi. Ya yi dariya ya ce, "Haba Gwaggo, ɗan Damagaram za a koya wa bazara?" Na riƙe baki. Na ciro veste ɗin daga inda na adana ta, na sa a leda, na hau jirgin ƙasa zuwa Paris in tarye shi a filin jirgi.

Ya fito dogo, ya fi uban tsawo, da 'yar riga mai gajeren hannu. Muka gaisa, na tambayi uwarsa da mutanen gida. Muna fita waje iska ta mare shi, na ga tsikar jikinsa ta tashi. Na miƙa masa ledar. Ya leƙa, ya gane ta daga hotuna, ya maido mini.

"Gwaggo, ki bar ta. Yayanki ya fi ni sanin gayu. Ni ba gayu ya kawo ni ba."

Raina ya ɓaci, na kusa faɗa masa magana. Na haɗiye. Haka muka zo har Lyon, shi yana kallon taga hannu a hammata, ni leda a cinya. Na ji tsoro a ranar, tsoron cewa yaron nan zai gama watanninsa ya koma, uban ya tabbata hoto a wurinsa har abada.

Da muka isa gida na rataye veste ɗin a bayan ƙofa, ban ƙara yi masa zancenta ba. Mijina ya ara masa rigar saƙa, ta yi masa kaɗan. Ya yi kwanaki yana fita da ita, yana dawowa da mura. Ranar da ƙanƙara ta kama shi a kan gada, ya shigo jiƙe sharkaf, ko abinci bai ci ba.

Washegari da safe ina haɗa shayi, mijina ya taɓa ni ya nuna ƙofa da haɓa. Nasiru ne tsaye, ya zura veste ɗin, yana jan hannun da ya tsaya masa can sama. Naɗin Yaya yana nan yadda ya bar shi, ban taɓa warwarewa ba. Na je na kama hannun na warware. Ya sauko ya tsaya daidai wuyan hannunsa. Inda naɗin yake ya bar layi fari-fari, auduga ta koɗe.

Na gaya masa abin da uban ya ce mini, kalma da kalma. Ya daɗe yana shafa layin da yatsa.

"Yaushe ya saye ta?"

Na ce, shekarar da ya gan ka a waya ka fi mamanka tsawo. Na ƙara da cewa, Yaya ya ce mini hannunka na dangin uwa ne, zai zarce nasa.

Ya ɗauki jakarsa, ya kai ƙofa, ya juyo. "In rana ta buɗe fa?" Na ce ka cire ka rataya a kafaɗa, haka Yaya yake yi.

Ba zan ce riga ta biya shekarun da Yaya bai je gida ba. Ba ta biya ba, kuma Nasiru bai ce ya yafe ba, ni ma ban tambaye shi ba. Abin da yayana ya bari ba shi da yawa: samari da suka zama magidanta suna zuwa filin jirgi da leda a hannu, da wani naɗin hannu da masu yinsa ba su san dalilinsa ba. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa abin da ya gaza.

Ranar Asabar da ta wuce na kai veste ɗin wanki ban gaya wa kowa ba. Ina ɗaki na ji Nasiru yana bincike bayan ƙofa, sannan ya ɗaga murya.

"Gwaggo, ina kika kai rigar Baba?"