Na'urar da Ta Kasa Jin Kaina

Mun tashi da asuba daga Tsafe, ni da matar ɗana da jikata 'yar shekara bakwai. Yarinyar tana da tabbai masu launin ƙasa a jiki da 'yan ƙulluttai a ƙarƙashin fata, irin na ubanta da na yayana. Gadon gidanmu ne. Sai aka aiko daga asibiti a Gusau, wai baƙin likitoci sun zo da na'urar sauraren jijiyoyin jinin kai, a kawo yara masu irin wannan fata. Abu yana fata, me ya kai shi ƙwaƙwalwa? Kuma kyauta? Zuciyata ba ta kwanta ba.

Ana wahalar fetur, kuɗin mota ya ninka, direba ya danna mu kamar buhunan gero. A Kwatarkwashi muka karya da ƙosai, mai ya fi wake yawa.

A asibiti likita ta ɗauko wani abu kamar 'yar taɓarya, ta shafa masa mai. Na ce, "Hajiya, a fara da ni. Abin da ban ɗanɗana ba, ba ni ba ɗiya." Ta ɗora mini a gaban kunne. Shiru. Ta yi dariya ta ce, "Baba, ƙashin tsoho ya yi kauri, ba ta ratsawa." Na ce a raina, ko dai na'urar ce ta banza.

Da aka ɗora wa yarinyar, sai ga ƙara kamar zugazugin maƙera. Ta dama a natse, ta hagu tana gaggawa, har ni na ji bambancin. Likita ta ce da alama jijiyar hagu ta tsuke, irin wannan kan shanye ɓarin dama, a kai ta babban asibiti a ɗauki hoto. Na rubuta maganarta da ajami a bayan takarda, kada gobe a sauya mini ita.

Ban dai gamsu ba. Muka zarce zuwa Bungudu wurin yayana, na karanta masa. Ya ce, "Ka mance ɗana da hannunshi ya mutu yana shekara tara? Munka ce iska ce. Shi ma da tabon."

Mun iso gida kafin magariba. Har yanzu ban san abin da baƙin nan ke nema ba, amma tafiyar ta koya mini kada in ɗora wa yarinya kayan zargina. Jibi za mu kai ta, in Allah ya yarda. Tun daga Bungudu hannunta na dama yana cikin nawa, ina matsa shi, ina jira ita ma ta matsa nawa in ji ƙarfinsa.