Ranar da Gwaggo Ta Kai Turmi Makaranta

Ko zan manta da komai na zamana a sakandare, ba zan manta da safiyar da gwaggona ta sauke turmi a ƙofar ofishin shugabar makarantarmu ba. Shekaru sun ja, na yi aure na haihu, gwaggon ma Allah ya yi mata rasuwa, amma har yau in na ji ƙarar daka a maƙota sai na tsinci kaina ina murmushi ni kaɗai.

Ni 'yar Beri ce, can aka haife ni, kuma Kambarci muke yi a gida. Hausa a kasuwa da makarantar firamare na tsince ta, saboda haka da aka kawo ni Kontagora karatun sakandare, 'yan gari suka samu abin dariya. In na buɗe baki sai a ce a maimaita, ba don ba a ji ba, sai don a ƙara darawa. To wadda ake wa dariya a Hausa, ina ga Turanci? Lissafi ban da matsala da shi, kimiyya ma haka, amma Turanci ya tsaya mini a maƙoshi. Babana kuwa ya gaya mini magana ɗaya tak lokacin da muka shiga ajin ƙarshe. Ya ce bana zan rubuta jarrabawar fita, in ban rubuta ba in tattaro kayana in dawo gona, domin ƙannena na jiran layi. Shi mutum ne da ba ya magana biyu.

A gidan gwaggo nake zaune, yayar babana, wadda sana'arta fura. Duk unguwar an san furarta, kuma duk wanda ya san fura ya san daka ce. Da mun dawo makaranta, ni da 'yarta, wadda taubashiyata ce kuma ajinmu ɗaya, ko kayan makaranta ba mu gama cirewa za a miƙo mana taɓare. Mu surfa gero, mu bakace, mu wanke, in an dafa mu kirɓa. 'Yan ajinmu suna wucewa ta ƙofar gida da littattafai za su lesin, mu kuwa muna nan gumi na zuba. Ba ƙaramin haushi abin yake ba ni ba. Na sha yin kuka a bayan ɗaki ina cewa turmin nan shi zai mayar da ni Beri.

Malamarmu ta Turanci ta sha gaya mana cewa sashen da ke kayar da ɗalibai shi ne na kalmomi. A ba ka kalma a ce ka nemo 'yar'uwarta mai ma'ana irin tata, ko a ce ka nemo akasinta, sannan ga karin maganar Turawa da za a jefo maka a ce me ake nufi. Ta ce wannan sashe ba ya son wayo, maimaici yake so, kullum kullum. Ni kuwa na ce a raina, Malama, ina lokacin?

Taubashiyata ce ta fara, kuma da tsokana ta fara. Wata rana muna lugude, ta buga taɓarya ta ce "lazy" tana harararta ta gefen ido, wai ni ce raguwa. Ni kuma da na buga tawa na ce "hardworking", ina nuna kaina. Muka tuntsire da dariya, muka sake, muka sake. Kafin geron ya surfu mun ƙare duk kalmomin da muka sani, waɗanda ba su taka kara sun karya ba. Washegari na ɗauko gawayi a murhu na rubuta kalmomin da Malama ta ba mu a jikin bangon da ke fuskantar turmi. Muka kafa doka. Bugun farko kalma, bugu na biyu 'yar'uwarta, in an cilla taɓarya sama an tafa sai a faɗi akasinta kafin a cafe. Wadda ta yi tuntuɓe ita za ta wanke ƙore ranar. Na wanke ƙore har hannuna ya yi fari, amma fa kalmomi suka fara zama.

Gwaggo da farko faɗa ta yi, ta ce mun ɓata mata bango. Da ta lura dakan yana sauri fiye da da, sai ta daina faɗan. Daga baya ma ita ke tuna mana in bangon ya kwana biyu ba a sauya ba. Karin maganar Turawa kuwa ita ce alƙaliyarsu, sai mun fassara mata ta yanke hukunci. Ranar da muka gaya mata cewa in Bature ya ce "bury the hatchet", wato a binne gatari, sulhu yake nufi, ta riƙe haɓa ta ce, "Gatari lafiyayye a binne shi? Lallai mutanen nan ba su san wahalar itace ba."

Haka muka yi ta yi har lokacin jarrabawar gwaji ya zo. A makarantarmu wannan jarrabawa ita ce ƙofa. Wanda ya ci za a tura sunansa babbar jarrabawa, wanda aka kama da satar amsa kuwa an cire shi ke nan sai wata shekara. Don kada a yi sani da sabo, daga wata makaranta aka ɗauko malamin da zai tsare mu, wani dogon mutum mai gilashi wanda ba ya dariya. Aka zaunar da ni kusa da taga, taubashiyata kuma can wajen ƙofa.

Da aka raba takardar Turanci na kai sashen kalmomi, sai na ga duk mutanen bangonmu ne. Daɗi ya kama ni. Abin da ban sani ba shi ne hannuna ya riga ya saba. Ina karanta kalma ina buga gindin biro a tebur, in na zo neman akasi har ɗan cilla biron nake yi ina cafewa. Ashe taubashiyata ma haka take yi a can gefenta. Kuma da yake kunnuwanmu sun saba da juna, bugun nata ya riƙa faɗowa a tsakanin nawa, ni in buga ita ta buga, kamar muna tsakar gida. Wallahi ban ji ba, ban kuma sani ba. Sai kawai na ga inuwa a kan takardata.

"Ke, tashi. Ke ma ta bakin ƙofa, tashi."

Malamin mai gilashi ya karɓe takardunmu a gaban kowa, ya tasa mu gaba zuwa ofis. A can ya yi wa shugabar makaranta bayani, kuma in gaskiya za a bi, bayaninsa ya hau. Tambayoyin na canki-canka ne. Ya ce ya daɗe yana sauraronmu, bugu ɗaya amsar farko ke nan, bugu biyu ta biyu, cilla biro kuma wata alama ce. Aka jera takardunmu aka ga amsoshinmu kusan iri ɗaya. Ya ce, "Hajiya, ruwa ba ya tsami banza." Na yi ƙoƙarin bayanin turmi, Hausar tawa ta harɗe, Kambarci na neman fitowa. Sai ya ce to in da gaske na san kalmomin, in ba shi akasin "scarce". Kalmar da na buga a turmi har ban san iyaka ba, amma a tsaye a wannan ofis, kaina ya zama wayam. Na tsaya ina kallonsa kamar gunki. Shugaba ta girgiza kai ta ce mu tafi gida, gobe za a yanke hukunci. Malamarmu ta Turanci tana tsaye a gefe, ta ce ita dai ba ta san mu da wannan hali ba, amma ba ta da abin da za ta kare mu da shi.

Muka kama hanyar gida. Ni Beri kawai nake gani, da fuskar babana, da yadda za a ce an koro ta ne saboda sata. Da muka isa gida muka faɗa wa gwaggo muna kuka. Ta saurare mu har ƙarshe. Sannan ta ce, "Yanzu dakan nawa ne ya zama sata?" Muka ce haka suka ce. Ta ce, "To ku share hawaye ku ɗauki taɓare, fura ba ta san an yi jarrabawa ba."

Da safe muna shirin fita sai muka ga ta yafa babban mayafinta na zuwa biki, ta tare mai keke mai ƙafa uku a ƙofar gida. Ta sa muka ciccibi turmi muka ɗora, ga taɓare biyu sun leƙo waje, ga kwanon gero a cinyarta. Mai keken ya ce, "Mama, biki ake yi ne?" Ta ce, "Shari'a ake yi, ja mu je." Ni kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Muka shiga makaranta ana tsaka da taron safe, idon kowa a kanmu, wasu har da shewa.

Gwaggo ta sa aka sauke turmin a ƙofar ofis, ta durƙusa ta gaida shugaba yadda ya kamata. Ta ce, "Ranki ya daɗe, ni ban yi boko ba, ban san me ke cikin takardarku ba. Amma 'ya'yan nan a gabana suka yi karatunsu, ga kuma ajin nasu na kawo. Gani ya kori ji. In an gani an ce sata ce, da hannuna zan mayar da wannan Beri." Ta juye geron a turmi ta yayyafa ruwa, ta ce ba a dakan turmi babu komai a ciki.

Shugaba ta dubi malamin mai gilashi. Ya ce ya yarda, amma shi zai zaɓo kalmomin daga littafinsa, ba daga takardar jiya ba, kuma wadda ya nuna ita kaɗai za ta amsa. Na karɓi taɓarya a tsorace. Amma da na ji nauyinta a tafina, na buga sau ɗaya na ji ƙarar da na sani, sai zuciyata ta kwanta. Ya nuna ni ya ce "scarce". Na buga na ce "rare", na cilla na tafa na ce "plentiful", na cafe. Ya nuna taubashiyata ya ce "humble", ta ba shi "modest", ta cilla ta ba shi "arrogant". Ya ƙara sauri, mu ma muka ƙara. Ya juya shafi, muka bi shi. Akwai wadda ta kuɓuce mini, na ce ban san ta ba, na ci gaba da daka. Ɗalibai suka watse daga layi suka kewaye mu, suka ɗauki tafi daidai da bugunmu. 'Yan ajinmu da ke yi wa Hausata dariya su ne a gaba. Na ɗaga kai na ga Malamarmu ta Turanci tana share ido da bakin mayafi.

Can malamin ya rufe littafin ya ce saura guda, ya nuna ni. Ya ce, "Bury the hatchet." Na ce "make peace", wato a yi sulhu. Ya cire gilashinsa ya goge, a karon farko muka ga haƙoransa. Ya juya wajen gwaggo ya ce, "Mama, na yi kuskure, a yi haƙuri. Mu ma mu binne namu." Gwaggo ta ce, "Ba komai ɗana, aikinka ka yi. Amma gatari dai a bar shi a waje." Ta leƙa turmi ta ga geron ya surfu, ta kwashe abinta a kwano, ta ce yau ba ta yi asarar safiya ba.

Ranar aka ba mu wasu tambayoyin muka rubuta a ɗakuna daban-daban, muka ci, aka tura sunayenmu. Sai dai malamin ya ja mana kunne kafin ya tafi, ya ce a babbar jarrabawa ba wanda zai jira a kawo turmi. In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Malama ta koya mana mu mayar da bugun cikin takalmi, da babban ɗan yatsan ƙafa, inda ba mai ji ba mai gani. Da haka na rubuta jarrabawar fita, yatsana na daka a cikin takalmi ni ina zaɓar amsa. Da sakamako ya fito, Turancin nan da ya tsaya mini a maƙoshi yana cikin waɗanda na fi ci. Babana ya zo daga Beri takanas, na karanta masa takardar. Sai ya juya ya ce wa gwaggo, "Yaya, Allah ya biya ki." Ita kuwa ta ce a fara yi wa turmi godiya.

Ina alfahari da wannan rana, kuma ba na ɓoyewa. Abin da ta koya mini shi ne kada mutum ya raina abin da Allah ya sa a hannunsa yana hangen na wasu. Ni da nake kuka ina cewa turmi zai mayar da ni ƙauye, ashe shi ne zai tsaya mini shaida ranar da bakina ya kasa. Da aka zo rabon kayan gwaggo bayan rasuwarta, aka tambaye ni abin da nake so. Ban dubi zannuwa ba, ban dubi kwanuka ba. Turmin yana nan a tsakar gidana, gefensa ya tsage, ba ya dakuwa, kuma ba wanda ya isa ya mayar mini da shi itacen girki.